Fordham Prep ko Cardinal Hayes: wace za ka kai ɗanka idan a Bronx kake zaune?

Ranar wata Juma'a cikin watan Oktoba, mun idar da salla muna laluben takalma a bakin ƙofar masallaci, sai wani Alhaji ɗan zangon Kumasi ya ja hannuna gefe. Ya fi shekara 20 yana tuƙin tasi a New York. Babban ɗansa namiji yana aji takwas, an yi masa rajistar jarrabawar shiga sakandaren Katolika, wadda ake kira TACHS, kuma an ce su zaɓi makarantu uku da za a tura wa sakamakon. Ya nuna mini wayarsa. Sunaye biyu ne a ciki, ya rubuta ya goge ya sake rubutawa.

"Malam, uwarsa ta ce Fordham, aljihuna ya ce Hayes. Kai da ka zagaya su, me ka gani?"

Na ce, "Alhaji, wannan ta fi ƙarfin bakin ƙofa." Muka tsaya muka ɗan taɓa, amma ya bar motarsa inda mita ke ci, hankalinsa rabi yana can. Abin da ke tafe shi ne amsar da na so in ba shi a tsanake.

A fuska kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Dukkansu a Bronx suke, dukkansu na maza zalla, daga aji 9 zuwa aji 12, jeka-ka-dawo, babu kwana. Dukkansu yaro zai fito da safe da riga mai kwala da laktaye, kuma dukkansu suna karɓar wanda ba Katolika ba. Mutumin Kumasi in ya ji "makarantar fada ta maza" Opoku Ware ce ke faɗo masa, mutumin Kaduna kuma tsohuwar St. John's wadda ta koma Kwalejin Rimi bayan gwamnati ta karɓe ta. Sai mu ɗauka duk kanwar ja ce: horo, tsabta, turanci mai kyau. Akwai gaskiya a ciki. Amma waɗannan biyun ba don mutum ɗaya aka gina su ba, kuma har yau kowacce tana ɗauke da kamannin wanda aka gina ta dominsa.

Fordham Prep ta girmi kusan duk ginin da ke kewaye da ita. Wanda ya kafa ta, Bishop John Hughes, haifaffen ƙasar Ailan ne. Ya zo Amurka a 1817 yana saurayi, ya yi aikin lambu a wata makarantar horar da fada-fada a jihar Maryland kafin a yarda a ɗauke shi ɗalibi. Mutum ne da ba a taka shi ya yi shiru. A zamaninsa makarantun New York da ake biya da kuɗin jama'a, Littafi Mai Tsarki na 'yan Furotesta ake karantawa a cikinsu, littattafan karatu kuma ba sa rasa habaici ga Katolika. Hughes ya yi ta fafatawa a ba makarantun mutanensa kasonsu, bai samu ba, sai ya karkata ga gina nasu. Duk uban da ya taɓa kwana yana tunanin abin da ake cusa wa ɗansa a aji zai gane mutumin nan, ko da addini ya raba su.

A 1839 ya sayi gonar Rose Hill a ƙauyen Fordham, lokacin wurin gonaki ne, bai ma shiga cikin birnin New York ba. Ranar 24 ga Yuni 1841 aka buɗe makarantar da ɗalibai shida, da sunan St. John's College. Sunan ya zo ɗaya da na ta Kaduna, amma iyakar dangantakarsu ke nan. A 1846 aka danƙa ta ga fada-fadan ƙungiyar Jesuit. Abin da ake kira Prep yanzu, a da ɓangaren ƙananan yara ne na kwalejin, inda ake shirya su kafin su haura manyan ajujuwa, kuma ma'anar sunan ke nan: share fage. Kwalejin ta zama Jami'ar Fordham a 1907. Sai a 1970 sakandaren ta rabu da jami'ar a hukumance, ta tare a nata ginin a 1972, amma har gobe a cikin harabar jami'ar take. Yaro ɗan shekara 14 yana shiga ƙofa ɗaya da masu digiri, yana ratsa ciyawa da tsofaffin gine-ginen dutse kafin ya isa ajinsa. Wannan kaɗai wani darasi ne da ba a rubuta shi a jadawali ba: jami'a ta daina zama labari a wurinsa.

Su waye 'yan Jesuit? Ƙungiya ce da Ignatius na Loyola, tsohon sojan Sifaniya da harsashin igwa ya farfasa wa ƙafa a 1521, ya kafa, Fafaroma ya amince da ita a 1540. Tun daga makarantarsu ta Messina a 1548 suka ɗauki koyarwa sana'a, a 1599 kuma suka fitar da tsarin karatu guda ga dukkan makarantunsu: harsunan Latin da Girkanci, iya magana, iya muhawara, maimaici har abu ya zauna. Marigayi Fafaroma Francis ɗan cikinsu ne. Wanda ya san Loyola Jesuit ta Gidan Mangoro a Abuja, wadda aka buɗe a 1996, ya san irin hannunsu, don 'yan Jesuit na reshen New York ne suka kafa ta. Sai dai ta Abuja maza da mata ce, kuma ta kwana.

Cardinal Hayes kuwa shekara ɗari cif ta biyo baya, a Satumban 1941. Akbishop Francis Spellman ne ya buɗe ta a lamba 650 kan titin Grand Concourse, ya sa mata sunan wanda ya gada, Kadinal Patrick Hayes, da ya rasu a 1938. Shi Hayes ɗan baƙin haure 'yan Ailan ne, an haife shi a unguwar talakawa a ƙasan Manhattan, uwarsa ta rasu yana ƙarami, dangi suka riƙe shi. Ya yi suna da aikin jinƙai har ake masa laƙabi da Kadinal na sadaka. Makarantar da ke ɗauke da sunansa an gina ta ne don 'ya'yan leburori, direbobin bas, 'yan sanda da masu shago, waɗanda ba za su iya kuɗin irin su Fordham ba. Farko 'yan Ailan ne da 'yan Italiya suka cika ta. Martin Scorsese, mai shirya finafinai, nan ya gama a 1960. Da aka ratsa Bronx da babbar hanyar mota, fararen fata suka kwashe suka koma bayan gari, a shekarun 1970 kuma gobara ta yi ta cin gidaje a kudancin Bronx, makarantar ba ta tashi ba. Ta tsaya inda take, 'ya'yan baƙar fata da 'yan Puerto Rico da 'yan Dominika suka maye gurbin na da. Yanzu ga 'ya'yanmu na Afirka ta Yamma sun shigo layi. Aikin da aka gina ta dominsa bai canza ba, masu zuwa ne suke canzawa.

To daga nan farashi ya samo asali, kuma a nan ne yawancinmu maganar ke ƙarewa. Kuɗin Fordham Prep na shekara ya daɗe da haura dala 20,000, kuma hawa yake yi. Na Hayes a 'yan shekarun nan bai kai dala 10,000 ba. Kar ka lissafa shekara ɗaya, ka lissafa huɗu, sannan ka ɗora ƙannensa da ke tafe, don in ka kai babba ba za ka iya kallon idon ƙarami ka ce masa shi ta gwamnati za shi ba. Ka ƙara kuɗin rajista, kwamfuta, kwat, takalmi, kayan wasa, tafiye-tafiye. A Fordham waɗannan ƙananan abubuwan sun fi nauyi, saboda ana auna su ne da aljihun iyayen da ba sa jin su.

Dukkansu suna ba da tallafi, kuma kunya ba ta da wuri a nan. Fordham tana da nata tallafin na masu ƙaramin ƙarfi da kuma na yaran da suka yi fice a jarrabawa, har akan samu wanda aka yafe wa kaso mai tsoka. Hayes kuma, ban da nata, tana cikin makarantun da asusun Inner-City Scholarship Fund da ƙungiyar Student Sponsor Partners ke biya wa yara. Ita ta biyun tun 1986 take haɗa yaro da mai ɗaukar nauyinsa da mai ba shi shawara, kuma ba sai yaron da ya fi kowa maki take nema ba. Duk takardar harajinka za su nema. Mai tasi ko mai shago, wanda aikin kansa yake yi, ya gyara takardunsa tun kafin sanyi ya shigo, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin da kake aika wa tsohuwa a Aboabo ko Maraɗi duk wata ba lallai ne fom ya tambaye ka shi ba, sai ka rubuta wasiƙa ka bayyana da kanka.

Abin da ya sa nake nanata shekara huɗu, na gani da idona. Wani ɗan'uwana ya kai ɗansa wata makarantar kuɗi, ba ɗaya daga cikin biyun nan ba, bisa tallafin da ya ɗauka na dindindin ne. Ashe na shekara ɗaya ne, ana sabuntawa in maki bai faɗi ba. Yaron ya yi tuntuɓe a lissafi a aji goma, tallafin ya ragu, bashi ya taru, da aka zo cire shi kuma sai da aka yi ta sintiri kafin a saki takardar sakamakonsa. Ya shiga ta gwamnati a tsakiyar zango, bai san kowa ba, kwat ɗinsa na rataye a bayan ƙofa har ya yi masa kaɗan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duk alkawarin da aka yi maka, a rubuta: nawa ne, na shekara nawa, kuma me zai sa a janye.

Wajen karatu, Fordham ta fi nauyi, wannan babu ja. Shiga ma ta fi wuya, kuma ban da jarrabawa tana da nata fom ɗin neman gurbi, kar ka zauna kana jiran TACHS kaɗai. Al'adar gidan ita ce sabon ɗalibi ya fara da Latin ko Girkanci, a ɗora masa karatun littattafai da rubutun insha'i ba ƙaƙƙautawa, ga darussan matakin jami'a da yawa a manyan ajujuwa, har wasu zaɓaɓɓu kan ɗauki darasi a cikin jami'ar kanta. Iyayenmu sukan ce me yaro zai yi da harshen da ya mutu. Ni ban raina shi ba. Wanda ya zauna gaban malam ya yi nahawu da sarfu ya san abin da rarrabe jimla ke yi wa ƙwaƙwalwa, kuma Latin aikin da yake yi ke nan, ga shi rabin manyan kalmomin turanci daga cikinsa suka fito. Amma makaranta irin wannan tana ɗauka cewa yaro ya zo da shirinsa. In ɗanka sai an tsaya a kansa yake buɗe littafi, in gidanku ɗaki biyu ne da yara biyar da talabijin a kunne, kai kana kan titi har sha biyun dare, to ka yi wa kanka gaskiya. Aikin gida na awa biyu ko uku kullum yana buƙatar teburi da shiru.

Hayes ta saba da yaron da ya zo da giɓi. Tana da ajin masu hazaƙa da darussan matakin jami'a ita ma, amma ƙarfinta shi ne ɗaukar yaro matsakaici, wanda a babbar makarantar gwamnati zai iya ɓacewa ba wanda ya lura, ta matse shi har ya gama ya samu gurbin jami'a. A gidaje da yawa shi ne na farko da zai taka jami'a, kuma malaman sun san haka, ba sa ɗauka cewa akwai wanda zai cika masa fom a gida. Inda nake da shakka shi ne yaro mai kaifi sosai. Irin wannan in ya ga yana wuce kowa ba da gumi ba, sai ya kwanta. In ɗanka haka yake kuma Hayes za ka kai shi, ka tabbata ajin masu hazaƙa aka sa shi tun ranar farko.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takardar talla, wato su wa zai zauna da su. Ka tsaya a tashar jirgin Metro-North ta Botanical Garden da sassafe ka ga yaran da ke sauka, kwat a kafaɗa, ana ɗaura laktaye ana tafiya. Daga Westchester suke, wasu har daga Connecticut, 'ya'yan lauyoyi da likitoci da ma'aikatan banki, sun haɗu da 'yan Bronx da 'yan Manhattan. Akwai baƙar fata da 'yan Latino, ba kaɗan ba, amma ɗanka ba zai kasance cikin masu rinjaye ba. Ribar a bayyane take: zai koyi zama da kowa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, kuma abokan nan su ne gobe za su ɗaga waya su ce a duba takardarsa. Amma akwai wani farashi da ba a ganinsa. Ranar da aka gayyace shi gidan aboki mai lambu da wurin iyo, ya dawo ya hau bene na biyar a ƙafa saboda lif ya lalace, ya tarar ana tuƙa tuwo, wani yaron zai yi dariya ya wanke hannu, wani kuma daga ranar ba zai ƙara kawo aboki gida ba. Kai ka san wanne ka haifa.

Ba yau aka fara ba. Robert Gould Shaw, wanda daga baya ya jagoranci rundunar sojojin baƙar fata ta 54 ta Massachusetts a yaƙin basasar Amurka, aka kashe shi a 1863, ya zauna a Fordham yana ɗan shekara 13. Shi ma ba Katolika ba ne, kuma wasiƙun da ya riƙa aikawa gida cike suke da ƙorafi. Yau makarantar tana alfahari da sunansa.

A Hayes ɗanka ba baƙo ba ne. Kusan kowa baƙar fata ne ko ɗan Latino, daga kudancin Bronx da Harlem da Washington Heights, iyayensu masu aikin asibiti, masu gadi, masu tuƙi, irinmu. Babu wanda zai yi mamakin sunansa ko abincinsa. Sai dai unguwar da kake gudu tana nan a bakin ƙofa, cikin jirgi ɗaya za su dawo. Makarantar ta san haka, shi ya sa take riƙe da wuya: aski, takalmi, lokacin isowa, yadda ake yi wa babba magana. Tsare yaro bayan an tashi, wanda a makarantun Jesuit ake kira JUG, sunan da ya bazu zuwa wasu makarantun Katolika, yana nan daram a gidajen biyu. Bulala dai babu, kar wani ya je da tsammanin irin ta fadan Kumasi na da.

Nisa ma abin dubawa ne, musamman a Janairu. Wanda ke zaune wajen titi na 167 ko 170, inda mutanenmu suka yi yawa, Hayes a tafin hannunsa take: bas Bx1 ya miƙe Grand Concourse, ko jirgi mai lamba 4 zuwa tashar titi na 149, ƙasa kaɗan da filin wasan Yankee. Zuwa Fordham kuwa sai ya hau jirgin D ya sauka a Fordham Road, ya gangara cikin cunkoson 'yan kasuwa ko ya jira bas Bx12, sannan ya ratsa harabar jami'a. Mutanen Tracey Towers kuma akasin haka ne, Fordham ce maƙwabciyarsu. Katin hawa bas da jirgi na ɗalibai, birni yana ba 'yan makarantun kuɗi ma, amma ba ya aiki a Metro-North.

Wasanni ba zan daɗe a kansu ba, ko da yake yaran su abin da suka fi dubawa ke nan. Ranar bikin godiya ta Nuwamba kowacce tana da abokiyar karawa ta gado a ƙwallon Amurka: Fordham da Xavier ta Manhattan tun ƙarni na 19, Hayes da Mount Saint Michael tun shekarun 1940. Hayes gidan ƙwallon kwando ce, Jamal Mashburn da ya yi NBA nan ya fito, kuma ta ɗauki kofin makarantun Katolika na birnin a 2022. Fordham ta fi yawan nau'o'i, har da tseren kwalekwale da iyo. In yaro ya ce Hayes yake so don zai shiga NBA, ka tambaye shi mutum nawa ne ke cikin ƙungiyar, mutum nawa ne kuma ke cikin makarantar.

Sai babbar magana, wadda Alhaji ya bari sai da muka kusa rabuwa ya yi ta da murya ƙasa-ƙasa: "Ba za su juya mini shi ba?"

A nan makarantun biyu ba su da wani bambanci mai yawa, kuma gara a faɗa maka gaskiya tun yanzu. Darasin addinin Kirista wajibi ne shekara huɗu, ana jarrabawa, makin yana shiga sakamako. Akwai gicciye a bango, ana buɗe yini da addu'a, kuma sau da dama a shekara dukkan makaranta kan taru a yi sujadar da suke kira Mas. Ɗanka zai halarta. Ba za a ce ya karɓi jibin Ubangiji ba, don a ƙa'idarsu ma wanda ba Katolika ba ba ya karɓa, zama zai yi a kujerarsa. Ranar Larabar toka zai ga goshin abokansa da baƙin gicciye, ranakun Juma'a na azuminsu kuma nama kan ɓace daga kicin, wanda mu bai dame mu ba, kifi ya fi mana kwanciyar hankali. Tun 1965 cocin Katolika ya rubuta a takardar babban taronsa na Vatican cewa yana kallon Musulmi da girmamawa, kuma tilasta wa yaro canza addini ba tsarin makarantun nan ba ne. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba za ka kai ɗanka gidan fada ka ce a cire gicciye ba.

Abin da ya kamata ka sani game da 'yan Jesuit shi ne ba haddar tambaya da amsa suka fi ba ƙarfi ba. Suna son yaro ya yi tambaya, ya binciki zuciyarsa, ya fita ya yi wa marasa galihu hidima, abin da shugabansu Pedro Arrupe ya kira a 1973 zama mutum domin wasu. Suna kuma fita da yara keɓewar kwana biyu ko uku a wajen gari, irin wadda a Fordham ake kira Emmaus, inda ake buɗe ciki ana faɗin damuwa. Yaron da ya san addininsa yakan dawo daga irin wannan da tambayoyi masu kyau, har ya sa ka buɗe littafin da ka daɗe ba ka taɓa ba. Wanda bai san komai ba sai Fatiha da Ƙulhuwallahu, shi ne abin tsoro, kuma shi ko a makarantar gwamnati ma abin tsoro ne. A zango in an ce "makaranta" ta allo ake nufi. To wannan makarantar ta Asabar da Lahadi kar a ajiye ta don an samu ta laktaye.

Sauran kuma tambayoyi ne da za ka yi da bakinka ranar da suka buɗe ƙofa ga iyaye, ba ta waya ba. A Disamba rana tana faɗuwa wajen huɗu da rabi a New York, Azahar da La'asar duk suna iya riskar yaro a makaranta ko a filin wasa: akwai ɗakin da zai shimfiɗa darduma? Juma'a fa, ana barin babban ɗalibi ya fita? Makarantun gwamnatin birnin suna rufewa ranakun Sallah biyu tun shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, na Katolika ba sa rufewa, to za a rubuta masa uzuri ne ko fashi? A 'yan shekarun nan Ramadan yana haɗuwa da azuminsu na kwana 40, me mai horar da 'yan wasa yake yi da yaro mai azumi? Ka nemi a haɗa ka da wani uba Musulmi da ɗansa ke ciki. Yadda aka amsa maka, da fara'a ko da ɗaure fuska, ya fi amsar kanta faɗa maka gaskiya. Ka kuma tambayi ƙa'idarsu kan keɓewar babba da yaro da kuma tafiyar kwana. Cocin Katolika a Amurka ya sha shari'o'in cin zarafin yara, sun san dalilin tambayar, kuma makarantar kirki ba za ta ji haushinta ba.

Ɗan'uwa Kirista daga Kafanchan ko Jos, in Katolika ne kai kuma ɗanka mai ƙoƙari ne ƙwarai, akwai ƙofar da Alhaji ba shi da ita: Regis a Manhattan, ita ma ta 'yan Jesuit, wadda tun 1914 ba a biyan ko sisi, amma sai yaron da aka yi wa baftisma a Katolika, kuma shigarta kamar raƙumi ta kafar allura. Mu duka kuma, Musulmi da Kirista, kar TACHS ta mantar da mu jarrabawar SHSAT ta makarantun gwamnati na musamman. Bronx Science kyauta ce, kuma yaron da zai iya Fordham ya kamata a ce ya gwada ta.

Wani abu na ƙarshe da ya shafi masu sauƙin kuɗi: makarantun Katolika na talakawa suna rufewa. Rice ta Harlem ta rufe a 2011. All Hallows, maƙwabciyar Hayes wadda aka kafa tun 1909, ta rufe a 2025. Kuɗin da iyaye ke biya a irin waɗannan ba ya ɗaukar nauyin karatun, tsofaffin ɗalibai ne da masu ba da gudummawa ke cike giɓin. Hayes tana da tsofaffin ɗalibai masu ji da ita, amma duk da haka ka tambayi yawan sababbin da suka shiga bana da na bara.

In ni ne a matsayin Alhaji, ga yadda zan yi. In yaron mai cin littafi ne da kansa, mai ƙarfin zuciyar da arzikin wani ba ya girgiza shi, kuma Fordham ta rubuta mini tallafin da zan iya cike ragowarsa shekara huɗu ba tare da na daina aika wa gida ba, Fordham zan kai shi, ba zan waiwaya ba. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, Hayes, kuma ba zan ɗauke ta a matsayin ta maneji ba, don yaro irin nawa aka gina ta dominsa. Yawancin gidajenmu a nan suke faɗowa.

Bayan mako biyu muka sake haɗuwa a sahu. Ya ce sun je sun ga duka biyun, uwar yaron ta ga ciyawar Fordham ta ƙara kafewa, shi kuma yaron tun da ya shiga ɗakin ƙwallon kwandon Hayes bai ƙara jin abin da ake faɗa ba. Sun rubuta duka biyun, layi na uku suka sa Mount Saint Michael, za su jira Janairu su ga wasiƙun tallafi.

"To maganar Juma'a fa, Alhaji, ka tambaya?"

Ya dafe kai. "Wallahi Malam na manta. Kuɗin ne ya cika mini kunne." Ya ciro wayarsa ya rubuta a ƙarƙashin sunayen, sannan ya tambaye ni ko na iya ɗaurin laktaye, don shi rabonsa da shi tun ranar da ya je neman biza a Accra.